Jinyar Namun Daji da Renon Marayunsu a Ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo

Gabatarwa

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Wurno, ko Rabah, ko Goronyo, a ga manomi ya dawo daga gona da ɗan gada a saɓe, ko a ga yara sun shigo gari da ɗan shamuwa wanda ya faɗo daga sheƙa, ko kuwa masunci ya fito daga ruwa riƙe da dinya wadda kalli ya karya wa fiffike. Abin da kan biyo baya kuwa sananne ne. Wani ya sa wuƙa, wani ya nufi kasuwa, wani kuma tausayi ya kama shi, ya kafa mata turke a tsakar gida, ya riƙa ba ta madarar shanu da dusa, bayan kwana uku ko huɗu a wayi gari ta mutu, a ce kwana ne ya ƙare. Wannan lacca ta fi shafar mutum na uku, watau wanda ya yi nufin alheri amma bai san hanya ba, tare da ɗalibai da ma'aikatan hukuma waɗanda wurinsu zai je neman shawara.

Ya kamata a fara da duban harshen kansa. Bahaushe na kiran abin da yake kiwo dabba, ko bisa a bakin Sakkwatawa, amma wadda ke zaune a dawa sunanta naman daji, da kalmar nan guda wadda ake kiran abin da ke kan faifan mahauci. Haka kuma akwai kiwo, akwai turka, akwai reno, dukkansu kuwa suna nufin a riƙe dabba a hannu don amfanin mai ita. Aikin da ake magana a kansa a nan daban yake da waɗannan, domin ƙarshensa rabuwa ce. Ba a cewa jinyar naman daji ta yi nasara sai ranar da ya koma inda ya fito, yana iya ci da kansa, yana kuma gudun mutum kamar yadda ya gada.

Ƙasar da namun da ke cikinta

Garuruwan nan uku suna tsakanin gulabe biyu ne. Goronyo da Wurno suna kan Gulbin Rima, Rabah kuwa tana kan Gulbin Sakkwato, gulaben biyu kuma suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato. Wurno ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can ya rasu cikin 1837, a can kuma kabarinsa yake. Rabah ita ce mahaifar Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Gabas da su akwai Dajin Gundumi, wanda matafiyan dā suke tsoro saboda rashin ruwa da maharan hanya. Kilafatan ya ratsa shi cikin 1824 a kan hanyarsa ta zuwa wurin Bello, Barth kuma ya ratsa shi cikin 1853 ya iske fadar Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Wurno.

Ƙasar Sakkwato ta dā ta san zaki, da giwa, da raƙumin dawa, da jimina, da gwanki. Yawan jama'a, da faɗaɗar gonaki, da shigowar bindiga, da farin 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1980, sun taru sun kawar da manyan namun. Waɗanda suka rage ƙanana ne masu iya laɓewa a gefen mutum: zomo, kurege, bushiya, dila, yanyawa, jan biri, gada, damo, guza, kunkuru da mesa. Barewa ta yi ƙaranci ƙwarai.

Arzikin da ya rage wa wannan ƙasa mai yawa shi ne tsuntsaye, dalili kuwa ruwa. An gama madatsar Goronyo cikin 1984, aka buɗe ta cikin 1992, tana kuma iya ɗaukar ruwa fiye da mita miliyan 900 na awon kwibik. Tafkinta, da fadamun shinkafa na Wurno, suna tara dinya, da kirinjijiya, da zalɓe, da balbela, da sauran tsuntsayen ruwa. Daga cikinsu akwai baƙi waɗanda ke tasowa daga ƙasashen Turai su ƙetare Hamada su yi hunturu a nan, su koma wajen watan Maris ko Afrilu. Shamuwa kuwa tata tafiyar daban ce, tana zuwa gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa cikin gari, ta koma kudancin Afirka idan ruwa ya ɗauke.

Yadda rauni da maraici ke samuwa

Malaman lugga na Larabci sun ce maraya cikin mutane shi ne wanda ya rasa uba, cikin dabbobi kuwa wanda ya rasa uwa. Hanyoyin rasa uwa a wannan yanki suna bin lokutan shekara. Da kaka da hunturu ake ƙunar daji da farautar gayya da karnuka, a nan ake kashe uwa a bar ɗa, ko wuta ta ƙone ƙafafun bushiya da kunkuru waɗanda ba su da gudu. Da bazara, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, ƙishirwa kan kai dabba bakin rijiya ta faɗa, ko ta shigo garka a jefe ta. Da farkon damina iska kan kayar da sheƙa, masu saran itace don gawayi kuma su kayar da icen da 'ya'yan mujiya ko na shirwa suke ciki. Idan ruwa ya yi yawa, kamar ambaliyar Satumban 2010 wadda ta ci ƙauyuka masu yawa a Goronyo da Wurno, ramukan dabbobi kan cika su fito tudu su haɗu da mutane.

Ban da waɗannan akwai na kullum: tarko na ƙarfe mai karya ƙafa, da asuta, da danƙon yara, da kalli da mamari waɗanda masunta suka bari cikin ruwa, da motar dare a kan hanya, da wayar lantarki, da maganin ƙwari wanda ake fesawa a gonakin albasa da shinkafa. Tsuntsun da ya ci fara ko hatsi mai guba akan same shi yana makyarkyata, miyau na zuba, ba ya iya tsayawa, alhali kuwa babu rauni ko ɗaya a jikinsa.

Tambaya ta farko

Kafin a miƙa hannu, tilas a tambaya ko abin nan maraya ne na gaske. Yawancin 'ya'yan namun da ake ɗaukowa da sunan ceto suna da uwaye. Gada da barewa sukan ɓoye ɗa cikin ciyawa su tafi kiwo, su dawo su ba shi nono sau kaɗan a yini, shi kuwa ya kwanta lamo ko motsi ba ya yi, domin wannan ita ce garkuwarsa. Zomo ma haka yake yi. Wanda ya tarar da irin wannan ɗa, jikinsa da ɗumi, cikinsa a cike, ba jini, ba ƙuda, to abin da ya fi shi ne ya ja da baya, ya kori karnuka, ya dawo bayan yini guda ya duba. Uwar tana kusa, kuma ba za ta fito ba muddin mutum na tsaye.

Ga tsuntsu kuwa sai a dubi gashinsa. Idan gashi ya rufe shi, yana tsalle yana kama reshe, to koyon tashi yake yi, iyayensa na ciyar da shi a ƙasa, sai a ɗora shi bisa reshe inda kyanwa ba ta kai a tafi. Idan tsirara yake, ko gashin bai wuce na jariri ba, sai a nemi sheƙar a mayar da shi. Idan sheƙar ta wargaje, ana iya ɗaura ƙaramin kwando a reshen da take a sa shi ciki. Camfin da ke cewa uwa na ƙin ɗanta idan hannun mutum ya taɓa shi ba shi da tushe, an jarraba an ga tana karɓarsa.

Alamun da ke nuna lalle ana bukatar taimako su ne: ganin gawar uwa, ko jini, ko karaya, ko fiffiken da ya saki, ko tsutsa da ƙwan ƙuda a jiki, ko sanyin jiki da faɗawar ido, ko ɗan da ke yawo yana kuka tun safe har yamma. Haka nan duk abin da aka ƙwato daga bakin kare ko kyanwa, ko da ba a ga rauni ba, domin haƙoransu kan bar ƙwayoyin cuta masu kisa cikin kwana biyu ko uku.

Taimakon farko

Abu na farko shi ne mutum ya tsare kansa. Dila, da yanyawa, da jemage suna iya ɗaukar ciwon haukan kare, kuma naman dajin da ya zo wurin mutane ba tsoro, ko yake tangaɗi, abin zargi ne, kada a taɓa shi. Wanda aka ciza ko aka yakusa sai ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Tsuntsayen ruwa kuma suna ɗaukar murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya cikin Fabrairun 2006 a wata gonar kaji a Jihar Kaduna. Saboda haka idan aka ga tsuntsaye da yawa sun mutu wuri guda, ba a ɗauka, ba a ci, sai a kai rahoto. Kada kuma a haɗa tsuntsun daji da kajin gida. Zalɓe na saran ido, shaho da mujiya kuwa makaminsu farce ne, don haka ake lulluɓe su da zane ko buhu kafin a kama.

Abu na biyu, duhu da shiru. Naman daji ba ya gane mai ceto, a wurinsa duk hannun da ya kama shi na maci ne. Tsoro kaɗai na kashe shi. Likitocin dabbobi sun san wata cuta da ke kama gada da barewa da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu idan aka kore su da gudu ko aka daɗe ana kokawa da su: tsokar jiki ta lalace, ƙoda ta kasa, dabba ta mutu bayan sa'o'i ko kwanaki. Don haka ba a bi da gudu, ba a ɗaure ƙafafu huɗu kamar ragon kasuwa, ba a kuma tara yara kallo. Sai a rufe mata ido da ƙyalle, a sa ta cikin kwali mai huda ko kwando mai shimfiɗa, a ajiye a ɗaki mai inuwa.

Abu na uku, tsarin ba da abinci, a nan kuwa aka fi yin kuskure. Ɗumi ne farko, sa'an nan ruwa, sa'an nan abinci. Jaririn da jikinsa ya yi sanyi ba ya narkar da kome, sai a naɗe kwalbar ruwan ɗumi da tsumma a ajiye kusa da shi. Idan ya farfaɗo, ana iya ba ɗan dabba mai shan nono ruwan gishiri da sukari kaɗan kaɗan. Madarar shanu da madarar gwangwani suna sa yawancinsu zawo, ga ɗan gada ko ɗan barewa nonon akuya ya fi, wanda kuma aka tsinta ranar haihuwa yana bukatar dakashi kamar kowane ɗan akuya. Ba a kwantar da shi rigingine a ɗura masa, domin nono kan bi hanyar numfashi ya ruɓar da huhu. Tsuntsu kuwa ba ya shan nono ko kaɗan, ba a kuma zuba masa ruwa a baki. Ɗan shirwa ko ɗan mujiya da aka rena da tsokar nama zalla ƙasusuwansa kan lanƙwashe, domin a daji yana haɗiye ɓera ne da gashinsa da ƙashinsa. Wanda bai san abincin dabba ba, gara ya bar ta da yunwar yini ɗaya ya kai ta ga masani, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Inda ake neman taimako

Gidajen da aka keɓe don jinyar namun daji a Nijeriya, waɗanda suka yi suna, a kudu suke. A Kalaba akwai gidan ƙungiyar Pandrillus, wanda tun 1991 yake karɓar marayun birai waɗanda maharba suka kashe wa uwaye. A Legas akwai Greenfingers da gidauniyar Saint Mark's, masu karɓar ɗan kunya da tsuntsaye da kunkuru waɗanda aka ƙwato daga kasuwa. Tsakanin Wurno da mafi kusa daga cikinsu tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000, ba kuwa tsuntsun da ya karye da zai jure ta. Saboda haka mutumin gabashin Sakkwato sai ya bi matakan da ke kusa da shi.

Mataki na farko cikin gari yake. Mai unguwa ko hakimi ya san da maganar, domin kada a zargi mai ceto da farauta, sarkin maharba kuma shi ya fi kowa sanin irin dabbar, da abin da take ci, da inda raminta yake. Mataki na biyu shi ne malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Ko da bai taɓa duba gada ba, ya san akuya, jikinsu kuwa bai yi nisa da juna ba, yana iya wanke rauni, ya ɗinke, ya ba da allurar hana ruɓa. Mataki na uku malamin daji ne, da ma'aikatar da ke kula da gandun daji a Sakkwato, domin su ne doka ta ɗora wa amanar namun daji, su ke da ikon cewa a riƙe, ko a kai wani wuri, ko a saki.

Mataki na huɗu shi ne Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ake samun likitocin fiɗa da ɗaukar hoton ƙashi. Wannan kuwa babban al'amari ne ga tsuntsu, domin ƙashin fiffike na haɗewa cikin mako biyu ko uku, idan kuwa ya haɗe a karkace, tashi ya ƙare har abada. Ɗorin da ya ishi ɗan akuya ya yi tafiya bai ishi shamuwa ta kai kudancin Afirka ba. Daga Wurno ko Rabah zuwa Sakkwato tafiyar safiya ce, sai a yi ta da sanyi, kada a sa kwalin cikin but ko bisa buhunan albasa a rana.

Bayan waɗannan akwai na nesa waɗanda ake tuntuɓa ta hannun ma'aikata. Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom suna gwajin cuta. Gidan Zu na Audu Bako a Kano da gandun namun daji na Jos wurare ne da akan kai dabbar da ba za ta iya komawa daji ba. Hukumar NESREA, wadda aka kafa cikin 2007, ita ke bin masu fataucin namun da aka hana. Idan aka sami tsuntsu da zobe a ƙafa, ba dukiya ba ce, ba kuma sihiri ba ne, alama ce da masu bincike ke sawa don sanin hanyar ƙaura, al'adar da aka fara a ƙasar Denmark cikin 1899. Sai a rubuta lambar da ke jiki, da rana, da wuri, a aika wa cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos.

Duk inda aka je, abu biyar ake tambaya: wace dabba ce, ina aka same ta, yaushe, me ya same ta, me kuma aka ba ta tun daga lokacin. Hoton waya na sauƙaƙa na farko, na biyu kuwa shi ne mafi muhimmanci ranar saki.

Sabo da illarsa

Hausawa sun daɗe suna ajiye namun daji. Fadodin sarakuna sun san jimina da barewa da gauraka, gardawa kuma suna yawo da kura da biri. Wannan kiwo ne, kuma yana da tsada a kan daji, ga gauraka nan wadda kamu don adon gidaje na cikin abubuwan da suka kusa ƙarar da ita a Nijeriya.

Illar da ba a cika lura da ita ba ita ce sabo. Masanin nan Konrad Lorenz na ƙasar Ostiriya, wanda ya sami kyautar Nobel cikin 1973, ya nuna cewa 'ya'yan dinya kan ɗauki abin da suka fara gani yana motsi a matsayin uwa, kuma wannan ba ya kankaruwa. Ɗan tsuntsun da ya tashi a hannun yara bai san jinsinsa ba. Ɗan gadar da ya saba da karen gida, ranar da aka sake shi zai tsaya ya jira karen maharbi. Jan biri kuwa yana da daɗin wasa yana ƙarami, idan ya balaga ya fara cizo, sai ya ƙare rayuwarsa da sarƙa a kugu. Saboda haka mai jinya na gari mutum ɗaya ne ke ba da abinci, ba ya yi wa dabba suna, ba ya shafa ta, yana haɗa ta da 'yan uwanta idan akwai, kuma yana farin ciki ranar da ta fara gudunsa. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ɗan da aka rena a zaure rarrafen ne gadonsa.

Doka da addini

Gwamnatin Jihar Arewa, a zamanin da ɗan Rabah yake Firimiya, ta kafa Dokar Namun Daji ta 1963, wadda ta kasa namun kashi uku gwargwadon tsananin kariya, ta kuma wajabta lasin ga mai farautarsu ko mai ajiye su. Nijeriya na cikin yarjejeniyar CITES ta 1973 mai hana fataucin namun da ke gab da ƙarewa, aka kuma kafa Doka ta 11 ta 1985 don aiwatar da ita. Tarar farko a wannan doka Naira 1,000 ce, aka ƙara ta ƙwarai da gyaran 2016. Ma'anar wannan ga mai ceto ita ce tsintuwa ba ta mallaka masa dabbar, riƙon amana yake yi har ya miƙa. Sayen ɗan biri ko ungulu a kasuwa don tausayi kuma kuskure ne, domin kuɗin da aka bayar shi ne jarin kamo na gaba.

Addini ya riga doka a wannan fage. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wasu Sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a kan hanyar tafiya, uwar ta zo tana shawagi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni a mayar mata da su. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Hadisin farko shi ne hukuncin ɗan da ke da uwa, na biyu kuma gargaɗi ne ga mai turke.

Saki

Dabba ta isa saki idan ta cika sharaɗi huɗu: tana neman abinci irin na daji da kanta, tana gudu ko tashi ba tangarɗa, tana tsoron mutum da kare, likita kuma ya tabbatar ba ta ɗauke da cuta. Ana mayar da ita inda aka same ta, musamman kunkuru da damo waɗanda suka san ramukansu. Mai yawon rana da asuba ake sakinsa, bushiya da mujiya kuwa da almuru. Mai cin ciyawa farkon damina ya fi masa, baƙon tsuntsu kuma a yi ƙoƙari ya sami ayarinsa kafin su tashi. Wanda aka rena tun yana jariri sai a kai kejinsa wurin, a buɗe ƙofa, a ci gaba da ajiye abinci na wasu kwanaki har ya daina dawowa.

Akwai gaskiya biyu masu ɗaci. Ta farko, ba kowace ake ceta ba. Tsuntsun da fiffike ya guntule, ko gadar da ƙashin bayanta ya karye, tsawaita mata rai tsawaita azaba ne, hutar da ita shi ne rahama, shawarar kuwa ta likita ce da malamin daji. Ta biyu, wurin sakin ya ƙuntata. Tun harin da aka kai Tabanni ta gundumar Gandi a ƙasar Rabah cikin Yulin 2018, 'yan bindiga suka addabi wannan yanki, Dajin Gundumi ya zama maɓoyarsu. Ba wanda za a ce ya sayar da ransa don ya mayar da zomo gida, sai a nemi fadama ko kurmin da ke kusa da gari inda hakimi zai iya hana farauta.

Kammalawa

Mai tambaya na iya cewa, a ƙasar da mutane ke gudun hijira, ina amfanin wahala a kan tsuntsu guda? Amsar tana mayanka. Ungulun da dā take cika kowace mahauta tana share mushe kyauta, masu sayar da sassanta ga bokaye da masu sa guba sun rage ta, har cikin 2015 aka sa ta a jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Ƙwai ɗaya take yi a shekara, saboda haka kowace ɗaya da aka ceta tana da lissafi. Mujiya guda kuma ɓerayen da take ci a shekara sun ishi rumbu ɓarna. A maƙwabta akwai darasi: raƙuman dawa na Kure a Jamhuriyar Nijar sun ragu har zuwa 49 cikin 1996, manoma da hukuma suka haɗa kai, suka haura 600, har cikin 2018 aka kai takwas gandun Gadabeji a Jihar Maraɗi.

Abin da ake bukata a Wurno da Rabah da Goronyo bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba: ɗaki guda mai inuwa a asibitin dabbobi, da keji biyu ko uku, da littafin rajista, da ɗan horo ga malaman dabbobi da malaman daji a jami'ar Sakkwato, da shiri a Gidan Rediyon Rima gab da kaka da farkon damina. Ɗaliban Hausa kuma suna da nasu rabo, domin sunayen namun da halayensu da lokutan haihuwarsu suna cikin kawunan tsofaffin maharba da masunta, kuma likita ba zai iya tambayar manomi abin da ya tsinta ba sai da sunan da manomin ya sani. Kowane maharbi da ya rasu ba a rubuta iliminsa ba, an yi asarar shafi. Allah ya sa a dace.